Baƙin mai na ɗiga ta tiyon numfashin inji: ringi ne ko me?

Mai CG daga Zariya: Salamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masana. Babur ɗina 125 ne, mai inji irin na CG, da shi nake ɗaukar kaya tsakanin Zariya da Giwa. Kwanan nan duk inda na kafe shi sai na ga baƙin mai ya ɗiga a ƙasa. Na bi sawu na ga daga wani tiyo yake fitowa, wanda ya taso daga saman inji ta baya ya sauko wajen sarƙa. A cikin gari ba ya yi sosai, amma in na hau titi na ba shi wuta, kafin in isa duk tayar baya ta jiƙe. Bakanike ɗaya ya ce ringin fistin ne ya cinye, in kawo kuɗi a sauke inji. Wani kuma ya ce in bari ya ɗaure bakin tiyon da waya a wuce wurin. Wanne zan bi?

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ringi ne, ba wata tantama. Duk babur ɗin da ya fara tofar da mai ta nan ya gama yayinsa. Ka tara kuɗi kawai.

Sabon Direba: Ni dai da ni ne, kusa zan samu in cusa a bakin tiyon in ɗaure. Mai ba zai fita ba tunda ba ƙofa. Me ya yi zafi?

Baban Gareji: Kai yaro, rufa wa bawan Allah asiri. Kada ka sake ka toshe tiyon nan, Malam. Ba ado aka sa shi ba, hancin inji ne. Ka taɓa danne murfin tukunya tana tafasa? Tururin ba ya fasa fita, wata hanya yake nema. In ka toshe nan, iskar za ta tura oyal sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na kik, ko na giya, ko na bayan ƙaramin siraket, ko ta fasa gasket ɗin gefe. Mafi muni shi ne ta tura na ɓangaren koyil. Ɗigon da kake kuka da shi a wuri ɗaya sai ya koma wuri uku. Ana kawo mini irinsu, mutum ya zo yana cewa an canja masa sil sau da yawa bai daina zuba ba, in duba in tarar an cusa wa tiyo sanda.

Amma kafin mu yi nisa, ka tabbata tiyon da kake magana shi ne? A ƙarƙashin babur akwai tiyo fiye da ɗaya. Akwai siriri na kafireto, shi fetur yake zubarwa. Akwai na batir a baburan da ke da batir mai ruwa, shi kuma in ya ɗiga yana cin ƙarfe. Na numfashi ya fi su kauri. Sannan in kana cikin masu shafa wa sarƙa tsohon baƙin mai, shi ma yana fantsama ya yi kamar yoyo.

Mai CG daga Zariya: Baba, shi ne mai kaurin. Na sa yatsa a bakinsa, mai ne baƙi. Kuma in inji na sulo ina jin iska na bugun yatsana, fuf fuf fuf.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Ka ji ko? Iska na fita. Na faɗa muku ringi ne.

Malamin Fasaha: A'a Alhaji, a yi haƙuri, wannan bugun ba shaida ba ne. Ko sabon babur aka fito da shi daga kwali za ka ji shi. Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su taɓa ganin cikin inji ba.

Injin nan silinda ɗaya gare shi. Duk sanda fistin ya sauko, yana matse iskar da ke ƙasansa, a cikin ɗakin da baƙin mai yake kwance. Da ya hau kuma sai ya ja ta. Injin CG faɗin silindarsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistin 49.5, wato wajen cc 124. To wannan adadin iskar ake turawa a jawo a kowane juyi. In inji na juyi 6,000 a minti, sau 6,000 ke nan. Dole a bar mata hanya. Ƙari a kan haka, babu ringin da ke rufewa ɗari bisa ɗari. Kullum akwai ɗan hayaƙin ƙonewa da ke sulalewa ta gefen fistin ya gangara ƙasa, shi ma ta tiyon nan yake fita, yana tafe da ɗan feshin mai. Shi ya sa danshi a bakin tiyo, ko ƙura ta manne a wurin, ba ciwo ba ne. A tsofaffin babura ana sakin tiyon ƙasa kawai. A yawancin sababbi ana mayar da shi akwatin iyakilina, wato matatar iska, don inji ya sake ƙone hayaƙin.

Abin tambaya shi ne me ya sa feshi ya zama ɗigo. Ringi na iya jawo haka, gaskiya ne. Amma shi ne mafi tsada a cikin dalilan, ban ga hikimar farawa da shi ba alhali akwai abin da za a duba kyauta. Malam Mai CG, yaushe ka yi juye, kuma mai nawa aka zuba?

Mai CG daga Zariya: Bai daɗe ba. Gora ɗaya ta lita na saya, yaron gareji ya juye ta duka. Daga baya da zan yi doguwar tafiya na ƙara kaɗan don kada ya gaza.

Baban Gareji: To ga inda gizo ke saƙar.

Sabon Direba: Yo ba lita ɗaya kowa ke zubawa ba? Ai gorar ma don haka aka yi ta.

Baban Gareji: Gorar lita ce don haka kamfanin mai ya ga dama ya auna, bai san babur ɗinka ba. Lita ɗayan da ake faɗa wa injin CG, wannan in an wargaza shi ne an wanke ya bushe. A juye na yau da kullum tsohon mai ba ya fita duka, akwai wanda ke maƙalewa a kuloci da lunguna, don haka abin da zai ci bai kai lita ba. Balle yaranmu da ke kwance noti, mai na cikin zuba su mayar su ɗaure don wani na jira. Ƙananan injuna irin na roba-roba ma sun fi haka ƙarancin ci, galibi ba sa wuce lita 0.8. A jikin injuna da yawa an rubuta adadin kusa da inda ake zuba man, mutane ne ba sa karantawa. In mai ya yi yawa, karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa a ƙasan inji, na dukansa yana kumfa, iskar da ke fita ta kwashe shi ta yi waje. Shi ya sa ba ka gani a cikin gari sai ka ba shi wuta.

Ga yadda za ka duba. Ka tayar da inji ya ɗan yi ɗumi, ka kashe, ka ba shi minti biyu ko uku mai ya kwanta. Ka kafe shi a kan stan na tsakiya a wuri mai daidai, ba a jingine ba. Ka zare geji, wato sandar awon mai, ka goge, ka mayar ka ɗora shi kawai ba tare da ka murɗa ba, ka sake zarowa. Masu babur mai gilashi a gefe su kuma su duba tsakanin layi biyun. Ka yi ka dawo ka faɗa mana. Kuma ka sunsuna man.

Mai CG daga Zariya: Na duba yanzu. Ya wuce layin sama sosai, har kusan inda gejin ya fara kauri. Kuma Baba, warin fetur yake yi. Na murza a yatsa, ya yi ruwa-ruwa, ba shi da danƙo kamar da.

Malamin Fasaha: To magana ta ƙaru. Ɗan ƙarin da ka yi ba zai kai shi can ba shi kaɗai. Fetur na shiga cikin manka. Kana rufe makullin mai in ka ajiye babur da dare?

Mai CG daga Zariya: Gaskiya ba na rufewa. Ta yaya fetur zai je can, ba hanyarsu daban ba?

Malamin Fasaha: Hanyarsu daban in komai lafiya. A cikin kafireto akwai 'yar allura da ke rufe fetur in kwanon ya cika. In ta cinye, ko datti ya tokare ta, fetur zai ci gaba da gangarowa daga tanki duk dare. Ka'ida shi ne ya zube ƙasa ta siririn tiyon da Baba ya ambata. In shi ma ya toshe, ko babur na jingine ta yadda fetur ya fi samun hanyar ciki, sai ya bi ta bawul in ya tarar da shi a buɗe, ya zauna a kan fistin, ya sulale ta gefen ringi ya haɗu da baƙin mai. Man ya ƙaru a geji, ya kuma tsinke. Tsinkakken mai ya fi saurin fita ta tiyo, kuma ba ya kare ƙarfe. Alamarsa, da safe babur ya yi wuyar tashi, in ya tashi ya yi ta tari da baƙin hayaƙi kafin ya daidaita.

Mai CG daga Zariya: Wallahi haka yake yi. Sai na yi ta kik.

Baban Gareji: Kada ka sake hawansa da wannan man, ko zuwa bakin titi. Ka zubar da shi duka tun inji na da ɗumi, ka bar shi ya tsane sosai, ka ɗan karkata babur ɗin. Ka wanke 'yar rariyar da ke bayan babban notin juye. A buɗe kafireto a duba allura, in bakinta ya yi zobe a canja, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A hura siririn tiyon a ga ko iska na wucewa. Sannan ka zuba sabon mai 20W-50 na babur, kana zubawa kana duba geji. Abin da ya rage a gora ka tafi da shi gida, naka ne.

Sai ka wanke injin da kananzir, ya bushe, ka barbaɗa hoda, ko farar hodar yara, a bakin tiyo da kewayen sil-sil da gindin silinda. Ka yi tafiya ka dawo. Duk inda mai ke fitowa zai zana layi a cikin hodar, ba sai an yi musu ba.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Ku dai yi ta zagaye-zagaye. Shekarun da na yi a kan babur a Kano kafin a hana acaɓa a 2013, na ga irin wannan ba adadi. Ƙarshensa ringi.

Baban Gareji: Alhaji, ba wanda ya ce ringi ba ya mutuwa. Amma in aka sauke inji yau aka sa sabon ringi, allurar nan na nan tana zuba fetur, wata nawa sabon zai yi? Fetur ɗin ne zai wanke man da ke jikin silinda ya cinye shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Uwargida daga Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in shigo da nawa tunda magana ɗaya ce. Ƙaramin babur gare ni da nake zuwa aiki, tafiyar ba nisa. Nawa ba baƙin mai yake fitarwa ba, wani abu ne fari-fari mai kauri kamar madara ta lalace, a cikin tiyon da ke ƙarƙashin akwatin iska. Lokacin sanyi ya fi yi. Shi ma ringin ne?

Malamin Fasaha: A'a Hajiya, naki ruwa ne ya gauraya da mai. Ƙonewar fetur tana fitar da tururi, wani yana gangarawa ƙasan inji. In tafiya gajera ce, inji bai yi zafin da zai kore shi ba, sai ya daskare a cikin tiyo da sanyin safiya ya haɗu da feshin mai. Ki duba ƙarshen tiyon, in akwai ɗan murfi, a cire a zubar a mayar. An yi shi ne don haka, littafin babur ma ya sa shi a cikin abubuwan da ake yi lokaci-lokaci. Ki riƙa ba shi tafiya mai ɗan tsawo wani lokaci. Abin da zai tayar da hankali shi ne ki zaro geji ki ga man cikin inji kansa ya koma kalar shayi da madara. Wannan ruwa ya shiga da yawa, ko an ratsa kududdufi da damina, ko masu wanki sun saita masa ruwa a akwatin iska. Sai juye nan take.

Uwargida daga Maraɗi: Na cikin injin lafiya lau yake. Na gode Malam, Allah ya saka.

Ɗan Kabu-kabu: Ni abin da ya taɓa samuna ba wanda ya ambata. Na ajiye babur a zaure na yi tafiyar gona, da na dawo ya fara jiƙewa ta wajen kik da ƙarƙashin murfin koyil. Tiyo kuwa a bushe ƙamas. Ashe zanzaro ne ya yi gini a cikinsa, ya cika shi da laka. Da aka zare aka soka waya, ƙasa ta zubo har da tsutsarsa. Aka mayar, zubar ta tsaya ba a canja sil ko ɗaya ba.

Baban Gareji: Ka ji shaida, Sabon Direba. Abin da zanzaro ya yi masa kyauta shi kake so a biya a yi. Haka in tiyo ya lanƙwashe a bayan inji, ko ya kwanta a kan salansa ya narke ya manne. Duk wanda sil ɗinsa ke yawan zuba, ya fara zare tiyon nan ya hura.

Sabon Direba: To na ji. Amma idan na sa ƙarshensa a cikin gorar ruwa na ɗaure a jikin babur fa, don kada ya ɓata taya?

Malamin Fasaha: Wannan ba laifi, masu tseren babur ma suna sa irin wannan gora. Sharaɗi biyu: gorar ta kasance da huji a sama iska na fita, kuma bakin tiyon kada ya nutse a cikin abin da ya taru, don inji na ja kamar yadda yake turawa. Amfaninta ma za ka ga yawan abin da ke fita. Ba magani ba ce dai. Kuma man da ke zuwa kan tayar baya ba abin wasa ba ne, a kwana ɗaya zai kayar da mutum.

Mai CG daga Zariya: Jama'a na dawo da rahoto. An yi duk yadda Baba ya ce. Abin da ya fito daga injin ya cika gorar lita har ya yi saura a kwano. Allurar ta cinye, an canja, siririn tiyon ma a toshe yake da laka. Yanzu da kik ɗaya yake tashi. Na je Giwa na dawo, taya a bushe. Sai dai hodar bakin tiyo ta ɗan jiƙe, kuma da na kafe shi na ga ɗigo ɗaya ko biyu. Sannan wani ya ce ya ga ɗan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa lokacin da na ja wuta.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Alhamdu lillahi. Me na ce?

Baban Gareji: Ka ce ringi, Alhaji, kuma mai yiwuwa kana da rabin gaskiya. Amma dubi bambancin, daga taya jiƙe sharkaf zuwa ɗigo biyu, ba a kwance noti ɗaya a silinda ba. Yanzu ne lokacin tambayar ringi ya yi, kuma aunawa ake yi. Malam, ka nemi gareji mai gejin kwamfireshan. A cire fulogi inji na da ɗumi, a ɗaura gejin, a buɗe totur gaba ɗaya, a yi ta kik har allurar gejin ta tsaya. A rubuta. Sai a zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi a sake. In lamba ta yi tsalle, ringi ne ko silinda, don man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, matsalar na wajen bawul, ko ma gyaran tafet kawai yake so. Ka duba mini soson iyakilina kuma.

Mai CG daga Zariya: An auna. Farko 120 a ma'aunin psi, da aka zuba mai ya kai 150. Soson kuwa ya yage ta gefe, yana marmashewa a hannu. Bayansa duk jar ƙura.

Malamin Fasaha: To ga wanda ya ci ringin. Ƙurar hunturu da ta hanyar ƙauye tana wucewa kai tsaye, tana goge silinda, fetur kuma ya wanke ɗan man da zai kare ta. Lafiyayyen inji irin wannan yakan ba da 150 zuwa sama ba tare da an zuba komai ba. 120 ya gaji, amma bai mutu ba. Soso dai yau za ka canja shi, a ɗan shafa masa mai a matse kafin a sa. Aikin silinda kana iya shirya masa a tsanake, kana duba geji kowace safiya.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya: Ko ya zuba mai mai kauri irin na manyan motoci, hayaƙin zai ɗauke. Haka muke yi.

Baban Gareji: Zai ɓoye hayaƙin, ba zai mayar da ƙarfen da ya cinye ba. Kuma kulocin babur a cikin man inji yake wanka, wani man mota na sa shi santsi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin gorar.

In ka tashi aikin, kada ka yarda a ce ringi kawai za a sa ba a duba silinda ba. A sa farce a saman ciki, in akwai gaɓa inda ringi ke tsayawa, ko zane-zane daga sama zuwa ƙasa, sai borin, wato a faɗaɗa cikin silindar. Ana yinsa mataki-mataki, milimita 0.25, 0.50, har zuwa 1.00, da fistin da ringi na wannan lambar. In silindar na da kyau, a sa sabon ringin shi kaɗai a ciki a auna gibin bakinsa, in ya wuce rabin milimita akwai magana. Wajen ɗaurawa rubutun da ke jikin ringi ya kalli sama, kuma a rarraba bakunansu, kada su yi layi ɗaya. Na sha buɗe injin da aka yi wa sabon aiki yana tofar da mai fiye da da, in tarar an kifa ringi na biyu. Bayan aiki kuma ban da lodi da gudu har sai ya zauna.

Mai Kayan Gyara a Panteka: Ƙari a kan na Baba, in za ka zo saye ka taho da tsohon fistin a hannu. Injuna masu kama da CG suna da yawa, fil ɗin fistin ɗinsu ba duka ɗaya ba ne, kuma wataƙila wanda ya riga ka mallakar babur ɗin ya taɓa yin borin. Lambar na saman fistin in aka kankare baƙin. Wani lokacin kuma silinda sabuwa da fistin ɗinta a haɗe ba ta fi kuɗin borin da nisa ba, sai ka kwatanta.

Mai CG daga Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sa sabon soso. Zan lallaɓa shi zuwa bayan girbi in yi aikin gaba ɗaya. Baba, gasket na ƙasan silinda da na sama dole sai sababbi, ko za a iya mayar da na jiki?

Baban Gareji: Sababbi, duka biyun, da 'yan zoben da ke riƙe fil ɗin fistin. Kuma ka tsaya a wurin a ɗaure a gabanka.